A cire mata yanzu ko a jira?

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da masu sani, ina neman shawara.

'Yata shekararta 16 ba ta fara al'ada ba. Da aka yi hoto da gwajin jini sai aka ce ba ta da mahaifa, ƙwayoyin halittarta XY ne, wato irin na namiji, kuma akwai 'ya'yan maraina ɓoye a cikinta. Jikinta ba ya amsa sinadarin namiji, shi ya sa ta tashi mace sosai.

Likita ɗaya ya ce a yi tiyata a cire su saboda gudun ciwon daji. Wani kuma ya ce a irin nata haɗarin kaɗan ne a wannan shekarun, su ne ma suka sa ƙirjinta ya fito, kuma in an cire sai ta daɗe tana shan maganin estirojin, wato sinadarin mace, don kada ƙashinta ya yi rauni. Abin da aka cire ba ya dawowa, wannan ne ya tsaya mini a rai.

In an bari, da wane gwaji ake sa ido, kuma ana iya dogaro da shi? Ita kanta ba mu gaya mata komai ba tukuna, mahaifinta ya ce a ɓoye, ni kuwa ina ganin jikinta ne. Ta ina zan fara mata maganar?