Ƙanwata ta kafe sai karatun zane a jami'a: waɗanda suka yi, ku ba mu labari

Babban Yaya, Gwale:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta gama sakandare, za ta cike JAMB, ta kafe kai da fata sai fannin zane da ƙira. Baba ya ce bai ga abin da za a shekara huɗu ana koyo a zane ba. Umma kuwa maganar mutum-mutumi ce ta tsaya mata a rai. An bar mini shawarar. Don Allah wanda ya yi karatun nan ya faɗa mana yadda yake, ba kwaskwarima.

Mai Burushi, Fagge:
Wa alaikumus salam. Yaya, fara tanadin kuɗin kaya tun yanzu. Ni kuɗin makaranta bai taɓa hana ni barci ba, fenti da kwali da burushi ne suka ci aljihuna, don kusan kowane mako da aikin da za a miƙa. Yadin zane na kanti ya fi ƙarfinmu, sai mu haɗa kuɗi mu yanko farin yadi a Kantin Kwari, kafinta ya buga mana firam, mu dama farin fentin gida da gam mu shafe shi. A shekara biyun farko mun taɓa komai: zanen fensir, fenti, ginin yumɓu, rini, tsara hoto. A ta uku kowa ya kama layinsa. Kuma a gaya mata akwai karatun littafi, tarihin zane ya kayar da gwanaye da yawa a ajinmu.

'Yar Dala:
Damuwar Umma ba a banza take ba, ni ma da ita na shiga. Akwai darasin zana mutum. A wajenmu wanda ake zanawa yana zaune ne da tufafinsa tsaf, yawanci ma wani dattijo ne da ake biya. Ginin siffar mutum da yumɓu kuwa raina bai kwanta da shi ba. Na tambayi malamin Islamiyyarmu, ku ma ku tambayi wanda kuka yarda da iliminsa. Da lokacin zaɓi ya zo na kama ɓangaren yadi da rini.

A karofin Ƙofar Mata na yi aikin kammalawata, wurin da marina ke cewa tun 1498 yake. Ranar farko na je da ɗan sikelina da littafi, wai zan auna toka da baba, ganyen da ke ba da shuɗin rini. Wani tsohon marini ya dube ni ya ce, "'Yata, ajiye abin nan, kawo hancinki." Da wari da kumfar saman ramin yake gane ko baba ya nuna. Na ce, "Baba, to me zan rubuta wa malamina?" Ya ce in rubuta na shinshina.

A aji an koya mana dalilin da yadi ke fitowa daga rami kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Ranar da na gani da idona sai da tsigar jikina ta tashi. A tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, har ya yi duhun da ake so, sannan a kai wa mabuga. Ƙullin da ke fitar da adon kuma mata ne ke yinsa a cikin gidaje, wajensu na fi daɗewa. Hannuna ya yi wata guda da shuɗi, har a gidan biki ana tambayata wane irin lalle ne wannan. Yau da rinin nake ci, ina sayarwa ta Instagram.

Ɗan Zoo Road:
Bari in ɗan zuba ruwan sanyi. Na yi ɓangaren tsara hoto a kwamfuta. Wata shida na SIWES, wato koyon aiki a waje da jami'a ke tura ɗalibai, a wani shagon ɗab'i na yi su, inda na tarar da yaron da ko sakandare bai gama ba yana fitar da katin biki uku a manhajar zane ta CorelDRAW kafin in gama ɗaya. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Inda na fi shi kawai, na san dalilin da launi biyu ke faɗa da juna, da inda za a bar fili ido ya huta, don haka aikin tambari da kwalin kaya ni maigidan ke miƙa wa. In wannan layin za ta bi, a saya mata kwamfuta mai ƙarfi, kuma ta riƙa zuwa shago tun daga hutun farko. Aikin gwamnati kada ta sa rai, sai dai koyarwa.

Tsohon Malamin Zane:
Ɗana, ka ce da mahaifinku fannin nan ba baƙo ba ne a Arewa. A Zariya, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ce a daina kwaikwayon Turawa ido rufe, a koma kan adon gida. Mu kuwa ga zayyanar allo, ga aska takwas a babbar riga, ga dagi a bangon soro. Ka nuna masa bayan naira ashirin, Ladi Kwali ce ke ginin tukunya.

Babban Yaya, Gwale:
Malam, na nuna masa. Ya juya takardar ya ce, "To ita wace jami'a ta yi?"

Tsohon Malamin Zane:
Alhaji ya kama ni! Ba ta yi ba. Sai dai ka ce masa jami'ar ce ta neme ta, ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Babban Yaya, Gwale:
Ya yi dariya, bai dai ce e ba tukuna. Umma ta yarda mu je Ƙofar Mata ranar Asabar ta gani da idonta. 'Yar Dala, da safe ya fi ko bayan la'asar?