Ƙungiyar garinmu za ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi: in zuba adashina ko in sayi fulotina?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum. Tun bayan ambaliyar 2022 da ta rushe gidajen ƙasa da yawa a yankinmu na Haɗejiya, samarin garinmu suke ta komawa Kano da zama, domin wanda ya yi aure ba shi da ɗakin ajiye amarya. Yanzu ƙungiyar ci gaban gari ta ce a yi karo-karo a gina gidaje masu ɗaki biyu da zaure a wani fili da dagaci ya nuna, matasa su riƙa biya a hankali, sannan a ware wani kaso don gyaran tsohon masallacin ƙasa da kakanninmu suka gina. An ce wanda ya ba da kuɗi mai tsoka tun farko shi za a fara ba gida. Ni kuma ina dab da kwasar adashina, wanda na yi niyyar sayen fuloti da shi. Filin nasu ba shi da takarda tukuna. Ina neman shawarar wanda ya taɓa shiga irin wannan.

Mai Shagon Dutse:
Wa alaikumus salam. Malam, tunda kai ma'aikaci ne, ka nemi rancen Asusun Gidaje na Ƙasa. Tun 1992 aka kafa shi, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, haƙƙinka ne.

Baba Manomi:
Ɗana, ka saurare ni da kyau. A ƙauyenmu da ke ƙasar Kano mun yi irin wannan, kuma ni da hannuna na sayar da bijimin da nake huɗa da shi na kai kuɗin. Mun yi gayya, yara suna ɗebo ruwa, manya suna kwaɓa ƙasa da ƙafa, har katanga ta kai ƙirji. Daga nan wasu magada suka ɓullo daga birni suka ce filin gonar kakansu ce, aro aka ba gari, kuma dattawan da suka shaida kyautar duk sun rasu. Ana cikin jeka-ka-dawo a kotu damina ta faɗi a kan ginin da ba a rufa ba, ya narke. Da muka nemi lissafin ragowar kuɗi, sai ma'aji ya kawo wani littafin makaranta da rabin shafukansa a yage. Har yau akwai gidajen da ba sa gaisawa a wurin jana'iza, ni kuwa damina ta gaba hayar shanu na yi.

Uwar Marayu:
Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma ba ko'ina ake haka ba. A garinmu asusun ƙungiya a banki yake, sai mutum uku sun sa hannu ake fitar da ko sisi, kuma ana karanta lissafi bayan sallar Juma'a. Da shi aka rufa mini ɗaki bayan rasuwar maigida.

Magini Ɗan Gado:
Idan da tubali da azara za a yi, a shafe da makuba, dubu 400 ta ishe ni in tayar da ɗaki har rufi.

Mai Shagon Dutse:
Haba maigida, wannan lissafin shekarun baya ne. A farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu 10, kuma ƙanena ya kashe sama da dubu 900 a ɗaki guda.

Magini Ɗan Gado:
Ɗakin bulo ƙanenka ya yi, ni kuma maganar ƙasa nake yi. Wanda bai taɓa riƙe cebur ba bai kamata ya gyara wa magini lissafi ba.

Gwauron Unguwa:
Jama'a, ko na ƙasa ne ko na kara, a sa sunana a farko, domin surukaina sun ce ɗaki kawai suke jira.

Tsohon Akawu:
Malam, duk an bar maganar takarda, alhali ita ce ta kayar da su Baba. A dokar filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakar filin karkara, nunin dagaci kaɗai bai wadatar ba. Rancen da aka ambata ma sai da takardar mallaka.

Baba Manomi:
Akawu, da ma irinku masu biro ne suka ce mana komai ya kammala.

Uwar Marayu:
Ni abin da ya fi damuna, a ina ake yanka filayen nan? Kududdufin da aka haƙi ƙasar gina garinmu, wanda ruwan unguwa uku ke gangarawa cikinsa, dillalai sun cike shi da shara sun sayar, har burtali bai tsira ba. Bara ruwan bai sami wurin zuwa ba, ta zauren maƙwabtanmu ya shiga.

Magini Ɗan Gado:
Gaskiya ne, Hajiya. Ga kuma ciyawar kacala ta toshe hanyar kogi. Malam, filin da dagaci ya nuna muku, tudu ne ko kwari?