Kan sarkin Doar Ivri na 1948 da rigimar "ƙasarsu"

Mai Tara Kan Sarki: Jama'a, raina a ɓace yake. Na nuna hoton kan sarkin farko da Isra'ila ta fitar ranar 16 ga Mayu 1948, sai aka bi ni da zagi wai ina tallata Yahudu. Alhali abin lura na kawo: babu sunan ƙasa a jikinsa, "Doar Ivri" aka rubuta, wato gidan waya na Ibraniyawa, don an buga shi a ɓoye tun ba a tsayar da suna ba. Hotunan kuwa tsofaffin sulalla ne da Yahudawa suka buga a ƙasarsu lokacin tawayensu ga Rumawa, na shekara 66 zuwa 70 Miladiyya da wanda wani mai suna Bar Kokba ya jagoranta, 132 zuwa 135.

Baban Khalifa: Ƙasarsu? Malam, janye wannan kalma. Ranar 15 ga Mayu Falasɗinawa ke juyayin Nakba, wato bala'in raba su da gidajensu a 1948, washegari takardar nan ta fito, kai kuma kana cewa ƙasarsu.

Mai Tara Kan Sarki: Zamanin Rumawa nake nufi, yallaɓai.

Maman Rahila: To ina laifinsa? A jikin sulallan akwai "Shekel na Isra'ila" da "Urushalima mai tsarki" da tsohon harafin Ibrananci. Ba jiya aka sassaƙa su ba.

Baban Khalifa: Ƙudus ake cewa, baiwar Allah.

Maman Rahila: A Littafinmu Urushalima ce, ba kai za ka koya mini ba.

Ɗan Tasha: Banu Isra'ila daban, waɗanda suka zo daga Turai daban. Shi kansa mai zanen, Otte Wallish, a Turai aka haife shi. Farashin da ke kai ma mil ne, kuɗin Falasɗinu na zamanin mulkin Ingila.

Malamin Tarihi: Ɗan Tasha, kawo littafin da ka karanta.

Ɗan Tasha: Kai da ka goyi bayan Amurka bara, yau littafi kake nema?

Mai Tara Kan Sarki: Don Allah, wa ya duba hoton ma?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, yawancinku kun yarda "ƙasarsu" kuskure ne, kuma an zaɓi sulallan nan ne da gangan don a ɗaura sabuwar ƙasa a jikin tsohon tarihi. Maman Rahila ta faɗi nata, an ji. Baban Khalifa ya fi kowa hujja. Na rufe.