Wai me ake ce wa sprocket da Hausa ne?

Bakaniken Jekadafari: Salama alaikum jama'a. Takarda nake so in rubuta in manna wa yaran shago a bango kan ɗaure notinan sprocket na baya, wato ƙarfen nan mai haƙora da sarƙar mashin ke hawa, sai na tsaya cak, mu dai tun muna yaran gareji sufoket muke cewa. Jiya aka kawo min Yamaha AG na wani malamin gona a bayan a-kori-kura, yana gangarowa daga Tula zuwa Kaltungo yana jin ƙwas ƙwas a ƙafar baya ya ɗauka sarƙa ce ta saki, ashe notina ne suka kwance biyu ma sun faɗi a hanya, ramukan hob, wato cibiyar ƙafar da ake ɗaure shi a jiki, duk sun buɗe sun koma kamar ƙwai. Hob alminiyam ne noti kuma ƙarfe, ai ka san wanda zai sha kashi. To da wane suna zan rubuta shi?

Ɗan acaɓa: Oga haƙorin sarƙa mana, meye abin wahala

Bakaniken Jekadafari: Ƙanina sarƙa ba ta da haƙori, shi ne mai haƙoran. In na ce wa yaro ƙirga min haƙoran haƙorin sarƙa ai sai ya tsaya yana kallona.

Mai gyaran keke: Mu firiwil muke cewa.

Bakaniken Jekadafari: Baba naku daban ne, firiwil yana juyawa baya shi kaɗai, wannan kuwa ɗaure yake tam a jikin hob. Ranar da ya fara wasa irin na firiwil ranar aka shiga uku.

Malamin Hausa: Ni da za a ji tawa, faifan sarƙa. Bahaushe ya daɗe yana aron faifai ga duk abin da yake da faɗi kuma kewayayye, daga na rufe ƙwarya aka samu faifan garmaho har aka zo faifan bidiyo. Na baya babban faifai, na gaba da ke jikin inji ƙaramin faifai. Ga faifan birki can a ɗaya gefen in mashin mai dis ne, kowa da sunansa ba rikici.

Mai sifiya: Malam duk wanda ya zo shagona ya ce faifan sarƙa wallahi wajen mata masu saƙar kaba zan tura shi 😂

Malamin Hausa: Alhaji ci gaba da sufoket ɗinka a kasuwa, ba mai hana ka, sifana da noti ma aro ne kuma sun zauna daram. Maganar rubutu ake.

Bakaniken Jekadafari: Malam Allah ya ƙara ilimi, ta zauna min. Ga abin da na rubuta, a gyara min: Notinan faifan sarƙa a goge maiƙon jikinsu kafin a sa. A ɗiga gam ɗin noti, Loctite shuɗi, banda ja don shi sai da wuta yake kwancewa. A riƙe kan namijin notin da alanki (Allen key) a juya macen da sifana, ba akasin haka ba. A ɗaure a gicciye, wannan sai wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, kada a bi su a jere. In mai washa mai kunne ne a lanƙwasa kunnen ya kama noti. Mashin ɗin daji irin KTM noti shida ne, littafinsu ƙarfin ɗauri 35 Nm ya ce, wannan sai da sifana mai awo, ba hawa kan sifana da ƙafa ba kamar yadda wani yarona yake yi har ya tsinke min biyu.

Ɗan acaɓa: Oga ƙara da cewa in an sa sabon faifai a dawo a sake taɓa su bayan fitar farko, nawa a kwana uku suka saki

Bakaniken Jekadafari: Ka ga har ka ce faifai da bakinka. Na ƙara.