Malamin lesin zan ɗauka ko in bi hanyar ƙanwata?

Maman Khalil, Fadaman Mada: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Yarona shekararsa 7, yana aji biyu. Da an ce ɗauko littafi sai ciwon ciki, amma zai yini yana haɗa mota da gwangwanin madara da murafen kwalba. Babansa ya ce a ɗaukar masa malamin lesin a hutun nan. Ƙanwata da ke karatu a jami'ar ATBU ta Bauchi ta ce in gwada hanyar masu ƙirar kaya, wadda ake koyarwa a jami'ar Stanford ta Amurka: ka zuba ido ka fahimci mai matsalar, ka gano ainihin inda take, ku zubo dabaru da yawa, ku haɗa samfuri mai arha, ku gwada, in bai yi ba ku sake. Na yi kwana uku ina lura da shi. Lissafin baki ba ya ba shi wuya, zaman rubutun ne ba ya so. Waya ma ba ya taɓawa. Ni kuma ɗinki nake yi, lokacin da zan zauna da shi kuɗi ne. Wanne zan yi?

Baban Amira: Wa'alaikumus salam. Hajiya ki raba shi da waya, shi ke nan.

Maman Khalil: Malam, na ce ai ba ya taɓa waya.

Umman Biyu, Jekadafari: Ni na gwada hanyar ƙanwar taki a nan Gombe. Farko jadawali na manna a bango, kwana biyu yarana suka yage shi. Da na tambaye su me suke so, suka ce shago. Muka jera kwalaye, murafen lemo suka zama kuɗi, amma duk mai saye sai an rubuta masa rasit. Yarinyar da ke kuka kan rubutu yanzu ita ke rigimar riƙe biro. Naki ki ce ya buɗe gareji, ya rubuta sunan kowane ƙarfe da farashinsa.

Anti Larai: Lesin dubu biyar ne a wata, me za ki wahalar da kanki?

Baban Amira: Dubu biyar a ina? Mu a Yelwa dubu goma sha biyar muke biya, kwana uku a mako.

Maman Sadik: Ku bar maganar kuɗi. Wata takwas ina biyan wani malami, sakamako yana ta kyau, ina ta godiya har da kai masa tuwon salla. Ashe shi ke rubuta wa yaron aikin gidan. Ranar da na ce Sadik ya karanta min takardar asibiti, layi ɗaya ya gagare shi. Da na matsa sai ya ce in ya yi kuskure malam na murɗe masa kunne, shi ya sa yake yin shiru. A cikin gidana, ina kicin! Har yau in ya ga allo jikinsa rawa yake. Na yi kuka wallahi.

Anti Larai: Allah sarki. Allah Ya saka miki.

Malamar Firamare: Kada laifin mutum ɗaya ya shafe mu duka. Shekara 18 ina koyarwa. Wasa yana da amfani, amma haɗa baƙi sai an zauna an maimaita. Ita ƙanwar taki ta taɓa riƙe aji? Ta haifa ma?

Umman Biyu: Malama, ke yara nawa ne a ajinki? Uwa kuwa yaro ɗaya take kallo. Kuma mu da muka taso da motar kara da carafke, wa ya ce ba mu koyi ƙirga a nan ba?

Ɗan Wunti: In Khalil ya gama motar a sayar min, fetur ya gagare ni.

Maman Sadik: Ni abin da ke ci min rai ma littattafan nan da ake rubutu a ciki. Da, littafi ɗaya yaya ya karanta ƙane ya gada. Yanzu kowace shekara sabo, kuma dole a makarantar za ka saya.

Baban Amira: Ga kuɗin bikin yaye 'yan nazare. Ɗan shekara biyar da rigar digiri!

Maman Khalil: To ni dai lesin ko garejin? Babansa gobe yake jiran amsa.

Anti Larai: Ku nawa aka ce ku kawo na bikin bana?