Tela ne ni, an ce in tafi makarantar tauhidi. Wa zai riƙe mini gida?

Telan Sabon Gari ya rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma na fi so ta fito daga bakin waɗanda suka taka wannan hanya da ƙafarsu.

Ni tela ne. Shagona yana Sabon Garin Zariya, gidana a Wusasa. Shekaruna 36, 'ya'yana uku, ga ƙanena da nake biya wa makaranta. Kakana Bamaguje ne daga wajen Ikara, shi ya fara karɓar bishara a gidanmu. Shekara shida ke nan ni nake yin tafinta a cocinmu na Angilika in an yi baƙon mai wa'azi da ba ya jin Hausa. Ni ne kuma ake turawa wata 'yar ikkilisiya ta ƙauye sau biyu a wata a kan babur ɗina, don ba su da mai bishara. Mutum ashirin da 'yan kai ne, benci shida, sai ganga ɗaya da fatarta ta huje.

Lahadin da ta wuce bayan sujada Rabaran ya kira ni ofis. Ya ce sun zauna da dattawa, suna so su rubuta wa Bishop a kaina in shiga makarantar tauhidi, inda ake horar da fastoci. Na ce ranka ya daɗe a ba ni lokaci. Tun ranar barcina rabi da rabi ne.

Ba baƙo ba ne ni a wajen ɗaliban nan. Kullum ina wuce kwalejin tauhidi ta St. Francis of Assisi a hanyata ta zuwa shago, kuma da hannuna na ɗinka wa da yawansu rigar nan mai farar kwala da doguwar baƙar riga ta ranar naɗi. Na kuma san yadda suke biya: rabi yau, rabi sai Allah ya hore. Abin da yake tsorata ni ke nan. Ni cinikina na shekara yana rataye ne a kan ɗinkin Sallah biyu da na Kirsimeti. In na rufe shago shekara uku ko huɗu, kwastomomina ba za su zauna jirana tsirara ba.

Sai kuma boko. Rabona da aji tun da na rubuta WAEC, Turancin ma da ƙyar na haye. Yanzu an ce har da Helenanci da Ibrananci, harsunan asalin Littafi Mai Tsarki. Mutanen da zan je wa Hausa suke ji, me Helenanci zai yi wa tsohuwar da ke zama a bencin gaba tana gyangyaɗi?

Abu na ƙarshe, wanda ban faɗa wa kowa ba: ban sani ba ko kiran Allah ne, ko kuwa daɗin da nake ji ne in an ce "Malam, yau ka yi wa'azi". Maman yara ma ban gaya mata ba tukuna.

Tsohon Fasto:

Ɗana, na karanta na yi dariya a wurin da ka ce tela ne kai. Buɗe Ayyukan Manzanni 18:3. Bulus ya sauka a gidan Akila da matarsa a Koranti ne saboda sana'arsu ɗaya, ɗinkin tanti. Ba kai ne na farko da zai riƙe allura da Littafi a lokaci guda ba. In ka tashi tafiya, ɗora kekenka a mota.

Ni ɗan ECWA ne, da Hausa na fara karatu a makarantar Littafi Mai Tsarki kafin daga baya in ƙaro a makarantar tauhidi ta Kagoro. A zamaninmu ana yanka wa ɗalibi mai iyali fegin gona. Ƙararrawar asuba mu tafi addu'a, hantsi muna aji, da la'asar muna duƙe da fartanya. Dawar da muka ci a shekarar ƙarshe mu muka noma ta.

Kan tambayarka ta me karatu zai ƙara maka, ga abin da ya same ni. Wata biyu da kai ni ikkilisiyata ta farko, wani dattijo ya zo mini da dare ya zauna a kan turmi a ƙofar ɗakina. Matansa biyu, ya aure su tun kafin ya ji bishara, kowacce da 'ya'yanta. Ya ce yana son baftisma, wacce zai kora? Ita uwargida ta tsufa, ba ta da inda za ta. Amarya kuma tana goyo. Daɗin baki bai yi mini amfanin komai ba a daren nan. Abin da ya cece ni shi ne an taɓa zaunar da mu a aji ana ta gardama kan wannan magana, me Nassi ya ce, me bai ce ba, yadda ikkilisiyoyi suka sha bamban a kanta, da abin da dokar tamu ikkilisiya ta tanada. Ban warware masa a daren ba, amma ban rushe masa gida da ganganci ba. Ƙauyen da kake zuwa, irin waɗannan tambayoyi suna nan suna jiranka, ba su fara kawo maka ba ne don suna ganin baƙon Lahadi ne kai.

Kada kuma ka raina Hausarka. Kai da kake Wusasa ka fi ni sani: Likita Miller, Baturen mishan, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, a 1929 mishan ta koma Wusasa aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, ginin magina Hausawa, a 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Masu bishara irin su mahaifin Janar Yakubu Gowon da wannan harshe suka yi aiki. Shakkar da kake yi wa kanka kuwa ba ta dame ni ba. Wanda ya zo yana buga ƙirji shi nake tsoro.

Maman Zumunta:

Baba, a gafarce ni, amma kun yi ta ba shi ƙarfin gwiwa kun tsallake layin da ya fi kowanne nauyi. Ɗan'uwa, ka kawo wa duniya maganar da matarka ba ta ji ba? Sauka daga intanet ka je ka same ta.

Shekara 19 ina auren fasto. Shi aka naɗa, amma mu biyu aka ɗauka aiki, albashin mutum ɗaya. Ranar da muka sauka, ko kayana ban kwance ba aka ce ni ce uwar Zumuntar Mata, alhali a cikinsu akwai sa'o'in mahaifiyata. Baƙo in ya zo coci a tukunyata zai ci. Sau biyar ana yi mana canjin wurin aiki, babbar 'yata makarantun firamare huɗu ta zaga. Akwai inda muka yi wata biyar ba a ba shi ko kwabo ba, baikon Lahadi bai wuce kwanon masara da 'yan canji ba, da ƙosai na riƙe gidan. Ba na nadama, amma ni an tambaye ni kafin a fara. Ka tambaye ta, kuma in ta ce ba yanzu ba, kada ka ce Shaiɗan ne ya shiga tsakani. Ka kuma tambayi Rabaran a fili, a gaban dattawa: wa zai biya kuɗin makaranta, wa zai ciyar da yara, a rubuce ko a baki? In makarantar tana da ajin matan ɗalibai, a sa ta.

Ɗalibi a Bukuru:

Yaya, ina aji uku a TCNN, kwalejin tauhidi ta Arewacin Najeriya, bari in rage maka tsoro. Helenanci baƙaƙe 24 ne, mako biyu ka haddace su. Wahalar tana wajen aikatau, kalma ɗaya ta rikiɗe maka kamar hawainiya. Ibrananci kuwa baƙaƙe 22, daga dama zuwa hagu, kuma a nan ne Bahaushe yake cin riba. Ruhu su ce ruwah, annabi su ce nabi, sadaka tsadaka, Asabar kuma ita ce Shabat. Kalmomin da muka aro daga Larabci 'yan'uwan nasu ne. Ɗan ajinmu da ya iya ajami tun yana yaro shi yake koya wa masu digiri.

Abin da ya fi ba ni wuya ajin wa'azi ne. Za ka tsaya minti goma sha biyar gaban 'yan ajinku, ka gama kana jin ka burge, sai malam ya ce nuna mini inda ayar ta faɗi haka. Ni da na shekara biyar ina wa'azi a ƙungiyar matasa, ranar na gane rabin abin da nake faɗa daga bakin wasu fastoci na kwaso shi. Akwai kuma tarihin ikkilisiya, tauhidi, ba da shawara, da darasi kan Musulunci, wanda duk mai aiki a Arewa yake bukata don ya san yadda zai zauna da maƙwabta. Da hutu kuma a tura ka aikin gwaji a wata ikkilisiya. Tunda kai Angilika ne, in ka gama dikon za a fara naɗa ka, wato mataimakin firist, sai daga baya cikakken firist. Ka tambaya ko akwai tsarin karatun hutu, wasu makarantun suna yi wa masu sana'a.

Ɗan Katolika na Samaru:

Ku dai naku da sauƙi. Namu sai an yi falsafa shekara huɗu, tauhidi huɗu, ban da shekarar horon ruhaniya da ta aikin gwaji, kuma babu aure. Ƙanena yana makarantar firistoci ta St. Augustine a Jos, sai da hutu muke ganinsa, kullum a rame.

Telan Sabon Gari:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Mama, faɗanku ya shiga. Jiya da dare bayan yara sun kwanta na gaya mata. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce matar Rabaran ta riga ta faɗa mata tun kafin Ista, jira take ta ga ranar da zan buɗe baki. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Sharaɗinta biyu: ba za a sayar da ko keke ɗaya ba, babban yaron shagona ya riƙe wurin, sannan da ita za a je gaban dattawa ranar da za a yi maganar kuɗi.

Ɗalibi, in kana da tsohon littafin Helenancin nan na aji ɗaya, ara mini in gani da idona kafin in koma wajen Rabaran. Akwai direban da ke zuwa Jos duk Talata daga tasharmu, zan biya kuɗin saƙo.