Ɗakin wanki a gidan bene: sama ko ƙasa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Gidan bene ne, ƙasa da sama, ba a kai ga zuba dekin ba. Ɗakunan kwana duk suna sama, kicin da falo a ƙasa. Ina ya fi dacewa da ɗakin wanki? Inji mai ƙofa a gaba za a sa, wataƙila a ƙara na busarwa nan gaba.

Mai zanen gidaje: Wa alaikumus salam. Malam, a ina za a yi shanya? Amsar tana nan. Kayan datti a sama suke taruwa, zanen gado, tawul, kayan sawa, shi ya sa sama ke jan hankalin mutane. To amma in igiyar shanya tana ƙasa, hawa da sauka na nan yadda yake, sai ma dai a jiƙe za a riƙa saukowa da kayan. Wankin kilo 7 yana kai kilo 10 ko fiye bayan inji ya matse shi. In akwai barandar shanya a sama ko injin busarwa, a yi sama. In babu, ƙasa, dab da ƙofar baya.

Falamba: Hajiya ta yi gaskiya, amma ga abin da ake mantawa: ƙarfin ruwa. In daga tanki ruwan ke gangarowa, sai tsayi ya kai kamar mita 10 kafin a sami bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa). Yawancin injuna suna neman rabin bar zuwa ɗaya, yana rubuce a takardar injin. Tankin da ya ɗara inji da mita 3 kacal, bar 0.3 zai bayar. Sai ka ga inji na ta jiran ruwa, garin sabulu ya daskare a aljihunsa, ko ya tsaya yana nuna alamar matsala, a ɗauka lalacewa ya yi. A ƙasa ka sami ƙarin kusan mita 3 a kyauta. In sama ake so dole, a sa ƙaramin famfon ƙara ƙarfi a layin.

Mai tambaya: Girgiza fa? An ce inji na tsattsaga dekin.

Injiniyan gini: Dekin kankare da aka yi bisa ƙa'ida ba zai tsage don injin wanki ba. Injin kilo 60 zuwa 80 ne, ba wani nauyi ba. Ƙara ce damuwar. Lokacin matsa yana juyi 1,000 zuwa 1,400 a minti, girgizar tana bin kankare ta fito a ɗakin da ke ƙasa. A ajiye shi kusa da bango mai ɗaukar nauyi ko kan bim (ginshiƙin kwance da ke ɗauke da dekin), kada a kai shi tsakiyar ɗaki inda dabe ya fi lanƙwasa. In daben katako ne abin ya fi tsanani, sai an ƙara katakai a tsakanin na kwancen an ɗaure su da juna. Kada kuma ya haɗa bango da kan gado.

Sau da yawa ma laifin ba na gini ba ne. Sabon inji yana zuwa da kusoshi uku ko huɗu a baya masu riƙe gangar ciki saboda jigila. In ba a cire su ba, zai yi ta tsalle yana tafiya ko da a ƙasa yake. A cire su, a daidaita ƙafafun huɗu da lebur (ma'aunin daidaito na magina), a ɗaure notin kowace ƙafa.

Falamba: Injiniya, ni ruwa ya fi ba ni tsoro. Tiyon da ke kai wa inji ruwa a cike yake dare da rana, ko ana wanki ko ba a yi. Ranar da ya fashe a ƙasa, abin goge dabe kawai za a ɗauka. A sama kuwa silin, fenti da wayoyin ƙasa duk sun shiga uku. Don haka duk mai son sama ya gina ɗakin kamar banɗaki. A shafa maganin hana yoyo a dabe, a hau da shi bango santimita 15, a toshe magudana a tara ruwa kwana ɗaya zuwa biyu, a leƙa ta ƙasa a ga ko ya tsattsafo, sannan a sa tayil. Daben ya gangara wajen magudana, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, a ɗan ɗaga bakin ƙofa. Tiyo a sayi mai saƙar ƙarfe, a canza shi duk shekara biyar. Makullin ruwa ya zauna inda hannu ke kaiwa, kada a ɓoye shi bayan inji.

Fayif ɗin fitar ruwa milimita 50 ya fi, kada ya gaza 40. Bakinsa ya tsaya santimita 60 zuwa 90 daga dabe, da lanƙwasa mai riƙe ruwa a gindinsa don tare wari. Kada a cusa tiyon fitar ruwan inji can ciki, kada a liƙe bakin da salatif. In iska ba ta shiga, fayif ɗin zai riƙa zuƙe ruwan inji yana cikin wanki. Magudanar daben kuma, tunda ba kullum ruwa ke bi ba, takan bushe ta fara wari. Kofi biyu na ruwa duk wata ya isa.

Mai zanen gidaje: Shi ya sa a zane ake jingina ɗakin wanki da banɗaki, ko a ɗora shi daidai saman kicin ko banɗakin baƙi, duk su sauka ta fayif ɗaya. Saman falo kam a'a. Faɗin inji santimita 60 ne, zurfinsa ma kusan haka. A bar santimita 10 a baya saboda tiyo, mita ɗaya a gaba don buɗe ƙofa da sunkuyawa. A auna kwanar matakala tun yanzu, don da hannu za a hau da shi, ranar gyara kuma a sauko da shi.

Mai wayarin: Nawa gajere ne. Layinsa daban daga akwatin wuta, waya mai kaurin 2.5 (mm²), da na'urar yanke wuta mai 30mA, wadda ke kare mutum daga jan wuta. Hitar ɗumama ruwa da ke cikin injin kaɗai tana cin kusan wat 2,000, don haka ban da waya ta jone. Soket ya hau sama da makullin ruwa, ya kuma kauce gefe. A ja wa na busarwa nasa layin tun kafin filasta.

Mai tambaya: Na busarwar ma sai an yi masa wani shiri?

Injiniyan gini: Ya danganta da irinsa. Mai fitar da iska waje yana son bututun ƙarfe milimita 100, gajere, kwana kaɗan, ya huda bangon waje kai tsaye. Kada a sake shi cikin rufi. Danshin zai ruɓar da katako, ɓurɓushin zaren da ke taruwa kuma wuta yake kamawa. Mai tara ruwa a ciki ba ya buƙatar bututu, taga ko fankar fitar da iska ta wadatar. Ko wanne za a saya, a zaɓi ɗaki mai bangon waje.

Mai tambaya: To, shanya a bayan gida za a yi, tankin kuma bai ɗara rufi sosai ba.

Falamba: Ka sauko da shi ƙasa, Malam, gefen kicin. Amma tunda ba a zuba dekin ba, a dasa guntun fayif guda biyu a kusurwar da ke jikin banɗakin sama, ɗaya na shiga ɗaya na fita, a toshe bakinsu. In an sake shawara nan gaba, ba sai an fasa kankare ba.